Ɗigon fenti da rubutun alli a ƙarƙashin tsohuwar Peugeot 504: a goge ko a bari?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Na gaji Peugeot 504 salun ƙirar 1979 daga mahaifinmu, haɗin Kaduna ce, kuma ta daɗe a ajiye a garejin gida. Ina so in dawo da ita yadda ta fito daga kamfani. Da muka ɗaga ta sai muka ga ɗigo-ɗigon fenti rawaya da kore a jikin sifirin, da farin layi a kan wasu notuna, da lambobi rubutun hannu a jikin gatarin baya da bayan kwalin ƙofa. Mai fenti ya ce datti ne, zai kankare ya fesa baƙi ta fito fes. Wani abokina kuma ya ce a Turai waɗannan alamomin su ne kuɗin mota. Wa zan bi? Idan kuma wasu sun goge, laifi ne in sa a sake zana su?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a abin da ya bari.

Tambayarka kashi uku ce: mene ne waɗannan alamomi, me suke tabbatarwa game da asalin motar, sannan ko ya dace a sake yin waɗanda suka ɓace. Kafin komai, ka dakatar da mai fenti. Kada samfefa ko tina ko injin wankin mota su taɓa ƙarƙashin motar nan sai ka gama ɗaukar hoton duk abin da ke wurin. Fenti baƙi ko yaushe ana iya fesa shi, amma alamar da aka yi a 1979 in ta tafi ta tafi ke nan.

Abin da alamomin ke nufi

Ba don ado aka yi su ba, ba kuma don mai saye ya gani ba. Saƙo ne tsakanin ma'aikatan layin haɗa mota, kamar allin da tela ke shatawa a jikin yadi kafin ya yanka. Shi ya sa ba su da kyan gani: ɗigon na iya zuba, layin na iya karkacewa, rubutun na gaggawa ne.

Farin layin da ka gani a kan noti shaida ce cewa an ɗaure shi da sifana mai awo, ko kuma mai duba aiki ya bi baya ya tabbatar. Ana samun irinsa a wuraren da kuskure ke iya kashe mutum: sitiyari, birki, ƙafar gaba, wurin da injin ke zama. Ka duba da kyau. Idan layin ya taso daga kan notin ya sauka a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, kuma har yau ɓangarorin biyu suna kan saiti ɗaya, to da alama ba a taɓa kwance wannan notin ba tun daga kamfani. Idan rabin layin ya kalli gabas rabi ya kalli kudu, sifana ta ratsa wurin. Daga nan kaɗai za ka iya gane wane sashe na motar kanikawa suka taɓa buɗewa a tsawon rayuwarta.

Ɗigon launi a jikin sifirin wani abu ne daban. Sifirin ba sa fitowa da ƙarfi ɗaya daidai ko da daga injin ɗaya suka fito, don haka ake gwada su a raba su rukuni-rukuni, a ɗiga wa kowane rukuni launinsa. Launin yana kuma raba na salun da na wagon, domin wagon ta 504 sifirin bibbiyu take ɗauka a kowane gefe na baya, akori-kura kuma mai ganye take amfani da shi. Ƙa'idar ita ce na dama da na hagu a kan gatari ɗaya su zo da launi iri ɗaya. In ka ga gefe ɗaya rawaya da kore, ɗaya gefen babu komai ko wani launi, an taɓa canja guda, kuma sau da yawa shi ne dalilin da tsohuwar mota ke tsayawa a karkace.

A cikin injin ma akwai irin wannan. Injin fetur na 504, da mai 1796 cc da mai 1971 cc, silif ɗinsa cirewa ake yi, kuma ana haɗa kowane fistin da silif ɗin da ya dace da awonsa: harafi a kan fistin, zane a bakin silif. Wannan ba maganar tarihi ba ce kawai. Bakaniken da ya gauraya su zai ba ka injin da ke shan baƙin mai ko wanda ke kamewa in ya yi zafi.

Rubutun hannu da alli ko alkalamin kakin zuma, irin na bayan kwalin ƙofa da ƙarƙashin kujera, yawanci lambar jeri ce a layin haɗi, ko launin da za a sa, ko sa hannun wanda ya duba. A jikin gatari yakan nuna irin haƙorin da ke ciki. Akwai kuma tambarin tawada. A wancan zamanin Peugeot na buga lambar launin mota da tawada a cikin ɗakin injin, a jikin bodi. Neme ta kafin a wanke wurin, domin da ita za a haɗa maka ainihin launin motar, ba wanda rana ta kodar ba.

Haɗin Kaduna ba haɗin Faransa ba ne

Nan ne abokinka ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Gaskiya ne a Amurka da Turai masu tara tsofaffin motoci sun ɗauki wannan abu da muhimmanci. Ƙungiyar masu farfaɗo da motar Corvette a Amurka, wadda aka kafa a 1974, alƙalanta har ƙarƙashin mota suke shiga suna duba tambari da kwanan wata a jikin kaya. Sai dai su suna da dubban motoci daga masana'anta ɗaya da za su kwatanta da juna, da littattafan da aka tattara a kai.

Taka motar labarinta daban. An fara ƙera 504 a 1968 a garin Sochaux na Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da 504 shekaru da dama bayan Faransa ta daina salun ɗin a 1983. A shekarun farko kayan a warwatse suke zuwa, har jiragen saman kaya na kamfanin UTA na Faransa ke jigilarsu daga birnin Lyon zuwa Kano, daga nan a wuce da su Kaduna. Wasu kayan kuma a nan gida ake samo su, kamar batir, kujeru, fenti, da tayoyin Michelin na Fatakwal ko Dunlop na Ikeja. Saboda haka hannu uku ne suka bar alama a motarka: na masu ƙera kaya a Faransa, na masu kawo kaya na cikin gida, da na ma'aikatan Kaduna da suka ɗaure notin suka ja layi. Idan ka ɗauko hoton ƙarƙashin 504 haɗin Sochaux daga intanet ka ce a kwafa maka, ka yi wa motarka shaidar da ba tata ba. Haka abin yake ga duk mai tsohuwar babbar mota ko tarakta ta Steyr da aka haɗa a nan Bauchi, ko Buswaja haɗin Legas. Abin kwatancenka shi ne wata motar da ta fito daga layi ɗaya a shekara ɗaya, ba 'yar uwarta ta Turai ba.

Yankinmu yana da wata fa'ida da mutanen bakin teku ba su da ita. Iskarmu busasshiya ce, babu gishiri, tsatsa ba ta cin ƙarƙashin mota kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal. Jar ƙura kan haɗu da man da ke ɗiga ta daskare ta zama ɓawo, kuma a ƙarƙashin wannan ɓawon ne ake samun fentin kamfani da alamominsa da sauran ransu. Abin da ke kashe su shi ne wankin injin da ake yi da gas ko kananzir a bi da ruwa mai ƙarfi, da kuma al'adar fesa baƙi a ƙarƙashin mota duk sanda za a sayar da ita.

Ba kowane fenti ne na kamfani ba

Wannan shi ne inda mutane suka fi ruɗuwa. 'Yan sifiya na kayan Beljiyam, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna da nan Bakin Kura, suna shafa wa kayansu fenti ko su rubuta harafinsu, don in ka dawo da kaya su gane nasu ne. Masu farfasa motoci a Turai ma suna rubuta sunan mota da shekararta da alkalamin fenti rawaya kafin su loda a kwantena. Bakanike kuma yakan ɗiga fenti kafin ya kwance abu don ya mayar da shi yadda yake. Duk waɗannan za su iya kama da alamar kamfani ga wanda bai saba ba.

Hanyar rabewa ita ce ka duba me ke sama, me ke ƙasa. Alamar kamfani tana zaune kai tsaye a kan fentin farko ko tsiraran ƙarfe, datti da tsatsa suka zo suka hau kanta. Ta ɗan kasuwa a kan datti da tsatsa aka shafa ta, in ka sa farce a gefenta za ka ga ƙura a ƙarƙashi. Ta kamfani ta tsufa tare da wurin da take: ta dushe, ta yi tsage-tsage, tsakuwa ta ɓantare ta daidai yadda ta ɓantare fentin da ke kewaye. Sannan ta kamfani ƙarama ce, mai maimaituwa a wuri ɗaya a dama da hagu. Babban rubutu da ya ratsa rabin giyabos, wannan kasuwa ce ta yi shi.

Shaidar da ta fi fenti ƙarfi

A ganina, ɗigon fenti shi ne mafi raunin shaida a cikin duka, domin kowa da burushi zai iya yin sa. Abin da ke da wuyar ƙirƙira shi ne lamba da kwanan wata da aka buga a jikin ƙarfe. Fara da farantin kamfani da ke cikin ɗakin injin da lambar da aka buga a jikin bodi, ka haɗa su da takardun motar. Kada gajartar lambar ta dame ka, tsarin lamba mai gurbi 17 sai a wajajen 1981 ya zama ƙa'ida. Ka duba kusoshin da suka riƙe farantin ko na asali ne, da ko akwai walda ko foti kewaye da lambar. Ita wannan lambar ba a sake buga ta, ba a ƙara mata zurfi, ko da ta dushe. Wannan ya fita daga gyara ya shiga laifi a gaban hukuma.

Daga nan ka bi kaya ɗaya bayan ɗaya. A 504 ta wannan zamanin za ka ga sunaye irin su Solex ko Zenith a kafireta, Ducellier ko Paris-Rhône a kayan wuta, Cibié ko Marchal a fitila, Jaeger ko Veglia a agogon dashbod. Yawancinsu suna ɗauke da kwanan wata a ƙaramin faranti ko a buge a jiki. Kayan da aka zuba a mazubi, na alminiyom da na roba, sukan zo da wani zagaye mai kama da agogo: shekara a tsakiya, gida 12 a kewaye, ɗigo ko kibiya na nuna wata. Idan ka ci karo da kayan Bosch, kamar yadda masu Marsandi da Buswaja ke yi kullum, lamba uku ce: ta farko ƙarshen shekara, biyun baya wata. A shekarun 1970 watanni na tafiya daga 21 zuwa 32, a shekarun 1980 daga 41 zuwa 52. Ke nan 925 na nufin Mayun 1979, 247 kuma Yulin 1982. A gilashin fitila akwai harafin E da lamba a cikin zagaye, mai nuna ƙasar da ta amince da ingancin kayan: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Ingila. Tagogi kuma ka duba ko duk tambarinsu ɗaya ne. Gilashin gaba kusan ko yaushe za ka tarar an canja shi, wannan ba abin damuwa ba ne.

Abin da kake nema shi ne daidaito. Kowane kaya na asali dole ya girmi ranar da aka haɗa motar, ba zai yiwu ya zo bayanta ba. A motar da aka haɗa daga kayan da suka yi tafiya suka kuma zauna a sito, tazarar watanni ba abin mamaki ba ce. Amma altaneta mai kwanan watan 1986 a motar 1979 canji ce, ko da sunan kamfanin daidai ne. Ka rubuta ta a matsayin canji, ka bar ta tana aiki har ka samu wadda ta dace.

A jikin bodi, walda ce ke tona asiri. Ta kamfani ɗigo-ɗigo ce zagayayya, a jere da tazara kusan ɗaya. Ta fanel bita da wutar kabaid doguwa ce mai kumburi, sau da yawa da jan ƙarfe ko tagulla, an rufe ta da foti. Maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle zai nuna maka inda foti ya yi kauri, domin ba zai kama ba. In ka samu na'urar auna kaurin fenti, na kamfani yakan tsaya a wajajen maikiron 100 zuwa 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), inda kuwa ta haura 400 da alama akwai ciko a wurin.

Yadda za ka yi aikin

Fara a bushe. Burushin fenti mai laushi da tsinken katako ko tsohon katin roba sun isa ka ɓamɓare ɓawon ƙura. Kada ka fara da ruwa, domin alli da ruwa yake tafiya. Kada ka sa fetur, tina ko kananzir kusa da rubutun kakin zuma da tambarin tawada, nan take za su narke. Inda ka tabbatar fenti ne, cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke a litar ruwa, da auduga, kana dannawa ba gogawa ba. Ka gwada a ƙaramin gefe tukuna. In launi ya fito a audugar, tsaya.

Kowace alama hoto uku: ɗaya daga nesa da ke nuna inda take a jikin motar, ɗaya kusa da rula a gefenta, ɗaya kuma da tocila a kwance ta gefe, domin hasken da ya zo a karkace ne ke fito da lambar da ta dushe. Ka ba kowacce lamba a littafi, ka rubuta launi, girma, da gefen da take. Rubutun hannu ka ɗora farar leda mai gani a kai ka bi shi da alkalami, ka sami ainihin girmansa. Duk abin da aka kwance a sa shi a leda da sunansa, har notuna, don masu 8.8 da 10.9 a kai ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma na asali suna da tambarin maƙerinsu.

Sai ka yanke shawara sashe-sashe, ba a kan motar gaba ɗaya ba. Inda fentin asali ke da rai, tsatsar sama-sama ce kawai, wanke shi ka shafa masa kakin kariya marar launi ka bar shi. Inda dole a yi fenti amma alamar na nan, rufe ta da tef ɗin takarda, ka sa 'yar takarda tsakanin gam ɗin da alamar don kada ya ɗago ta, ka bar santimita ɗaya a kewaye. Bayan kwalin ƙofa da ƙarƙashin kujera babu dalilin taɓa su sam, ba mai gani, ba kuma abin da ke cin su.

Akwai inda asali ba shi da ta cewa. Robar birki, tiyon mai, sifirin da ya tsage, da taya, duk a canja su ko da tambarin kamfani na jikinsu. Taya mai lambar kwanan wata guda uku a ƙarshen jerin lambobin gefenta da ke farawa da DOT kafin shekarar 2000 aka yi ta, domin daga 2000 lamba huɗu ake sawa, biyu na mako biyu na shekara. Irin wannan ba ta hawa titin Jos ko na Ningi. Ajiye tsofaffin a kwali, su ma cikin tarihin motar suke.

Sake zana waɗanda suka goge

Idan alamar tana nan ka ɗauki hotonta, sannan gyara ya tilasta aka kankare ta, ba laifi a mayar da ita. A yi ta bayan an gama ɗaure komai da awonsa, da fentin mai da ƙaramin burushi, bugu ɗaya, kada a tsaya gyara ta. Alamar da ta fito tsaf kamar an sa rula ita ce ta fi saurin nuna sabuwa ce. Sharaɗin shi ne ka rubuta a fayil ɗin motar cewa an sake yin ta, da ranar da aka yi, da hoton ta asali a gefe. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke ɗaukar mota a matsayin ta tarihi daga shekara 30, ta tafi a kan wannan a Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013: duk abin da aka sake a rubuta shi, ya zama ana iya bambanta shi da na asali.

Idan kuwa ba ka taɓa ganin alama a wurin ba, kawai ka gan ta a motar wani, bar wurin babu komai. Ma'aikacin safe da na yamma ba hannunsu ɗaya ba, launin fentin da ke kan teburinsu ma yakan canja. Ƙirƙirar alama a inda ba ka da hujja yaudarar mai saye ne na gaba, kuma tana jefa shakku a kan na gaskiyar da ke kusa da ita. Haɗarin ya fi yawa a kan layin noti: wanda ya gan shi zai ɗauka an ɗaure da awo, don haka kada a ja shi sai an ɗaure ɗin da gaske.

Game da kuɗi kuwa, kada ka ɗora dogon buri. A kasuwarmu har yanzu jiki mai kyau, injin lafiyayye da cikakkun takardu su ke sayar da tsohuwar Fijo. Alamomin ba su da farashi na kansu. Amfaninsu shi ne su mara wa maganarka baya in ka ce ba a taɓa buɗe gatarin nan ba, ko ƙofofin nan huɗu da su ta fito. Sannan bayani a rubuce ko hoto a waya ba ya wadatar a yanke hukunci a kan wata alama guda, sai an ga abin da ke ƙarƙashinta da ido. Mutanen da suka fi kowa sanin wannan su ne dattawan kanikawan Fijo da suka yi ta buɗe waɗannan motoci suna sababbi, da tsofaffin ma'aikatan layin Kaduna. Ka ɗauko ɗaya daga cikinsu ya zo ya duba ta tun tana kan jak, kafin mai fenti ya dawo, kuma ka riƙe littafinka a hannu kana rubuta abin da ya nuna maka.